Masu Tara Harsasan Igwa: Fenti Ba Ya Zama Shaida

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ta wuce tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Abin da suke tarawa shi ne harsasan igwa, manyan bindigogin nan da sojoji ke kira atilare, bisa sharaɗin an kwashe abin fashewar da ke cikinsu, ko kuma tun asali ba a ɗura musu komai ba. Mutum zai ware ɗaki guda a gidansa ya jera su daga ƙarami zuwa babba, kowanne da 'yar takarda a gindinsa mai ɗauke da sunan ƙasar da ta ƙera shi da shekara. Suna da ƙungiyoyi, irin su International Ammunition Association ta Amurka wadda ta samo asali tun 1955, da takwararta ta Turai, European Cartridge Research Association. Suna buga mujallu, suna haɗuwa a wuraren baje kolin kayan soja, suna musu a kan lamba ɗaya da aka buga a jikin ƙarfe kamar yadda malaman nahawu ke musu a kan wasali guda. Ni a ganina wannan sha'awa ba shirme ba ce, kuma ilimin da ta tara yana da amfani har ga waɗanda ba su taɓa jin labarinta ba. Amma ilimi ne na gane abin da masana'anta ta ƙera a ranar da ta ƙera shi. Ba ya iya tabbatar da abin da ke cikin ƙarfen yau, kuma kusan duk wani tsautsayi da ya taɓa afka wa masu harkar daga cakuɗa waɗannan tambayoyi biyu ya taso.

Mai gane harsashi da faɗinsa yake farawa. Ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO sun fi amfani da mai faɗin milimita 155 da 105, tsohuwar Tarayyar Sobiyet da waɗanda suka sayi makamanta kuwa 152 da 122 da 130. Tsakanin 155 da 152 milimita uku ne kacal, ido ba ya raba su, amma ɗaya ba ya aiki a bindigar ɗaya, abin da ya jefa sojojin Yukiren cikin wahala tun 2022 saboda suna riƙe da iri biyun a lokaci guda. Sannan dole a raba abubuwa biyu da jama'a kan haɗa. Akwai ƙwanso, wato gwangwanin tagulla ko na ƙarfe da ke ɗauke da albarushin turawa, wanda ke saura a wurin bindiga bayan an harba. Akwai kuma ainihin harsashin da ke tashi ya faɗa wa abokan gaba. Ƙwanson da aka riga aka harba buɗaɗɗe ne, ana leƙa cikinsa a ga ƙasansa, shi ya sa tun Yaƙin Duniya na Farko sojoji ke yi wa na igwar Faransa mai milimita 75 zane suna mayar da shi tulun furanni. Yawancin igwa masu milimita 155 ba su da ƙwanso ma, albarushinsu a jakunkuna ko a ƙananan gwangwanaye masu ƙonewa yake zuwa. Saboda haka duk mai son mallakar wani abu na wannan girman, harsashin kansa zai nema, kuma shi rufaffe ne.

A ɗauki M107 na Amurka, wanda ya daɗe yana cikin waɗanda aka fi harbawa a duniya. Nauyinsa kusan kilo 43, tsawonsa ya haura rabin mita, kuma cikakkensa na ɗauke da nakiya mai kusan kilo 7. Fentinsa kore ne irin na kayan soja, rubutun jikinsa rawaya. A rubutun za a ga faɗinsa, da sunan abin da aka ɗura masa, misali TNT, da lambar samfurin, da lambar rukunin da aka ƙera shi a ciki, wadda ke nuna masana'anta da lokaci. Kusa da kafaɗarsa akwai 'yan ƙananan murabba'ai a jere, waɗanda ke gaya wa mai harbi ko wannan ya ɗan fi ma'auni nauyi ko ya gaza, domin ya gyara saiti. Rashawa alamar tarawa da ta ɗebewa suke sawa a madadin haka. A hancinsa, idan daga rumbu ya fito, ba fiyus ake gani ba, wato 'yar na'urar da ke tayar da shi, sai wani murfi mai zobe da ake ɗaga shi da shi, domin sai a bakin bindiga ake ɗaura fiyus. Can kusa da gindi kuma akwai ɗamara ta jan ƙarfe da ta kewaye shi. Wanda ya ƙware zai karanta duk wannan cikin minti ɗaya, ya gaya maka ƙasa da shekara da irin bindigar. Karatu ne na gaske, ban raina shi ba.

Launi ma yana da ƙa'ida. A tsarin Amurka da NATO rawaya na nufin nakiya mai ƙarfi, kore mai haske hayaƙi, baƙi mai huda sulken tanka, ruwan toka guba, shuɗi na atisaye, ruwan tagulla kuma na koyon ɗauka da lodi wanda ba shi da komai a ciki. Matsalar ita ce ƙa'idar ba ta duniya ba ce, kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A farkon Yaƙin Duniya na Biyu Amurka rawaya take shafa wa dukkan jikin harsashi mai nakiya, daga baya ta koma kore don kada abokan gaba su hango tarinsa daga sama. Ruwan tokan da ke nufin guba a wajen Amurkawa shi ne fentin yau da kullum na harsasan Sobiyet, waɗanda bayaninsu ke cikin haruffan Rasha da aka buga a jiki. Shuɗin da jama'a suka ɗauka alamar lafiya ce shi ya fi yaudara, domin harsasan atisaye da yawa suna da fiyus na gaske da ɗan abin fashewa mai fitar da hayaƙi don mai hange ya ga inda suka faɗa, kuma zobe siriri ruwan ƙasa ko rawaya ne kaɗai ke nuna hakan, zoben da rana da tsatsa kan cinye. A ƙasa kamar Najeriya, inda rundunar soja ta mallaki D-30 ta Sobiyet da igwar Italiya mai milimita 105 da Bofors ta Suwidin, tsari biyu ne ke zaune a rumbu ɗaya.

Alama guda ce a jikin harsashi da ba ta ƙarya, kuma abin da take faɗa ba mai daɗi ba ne. Cikin bututun igwa akwai layuka murɗaɗɗu da ke sa harsashi ya yi juyi yayin fita. Ɗamarar jan ƙarfen nan ita ke cizon layukan, don haka wanda ba a harba ba ɗamararsa sumul take, wanda aka harba kuwa za a ga an tsattsaga ta da ƙananan ramuka a karkace. Harsashin da ke da wannan tsagar amma jikinsa bai tarwatse ba, an harba shi ya ƙi tashi. Fiyus ɗinsa an yi shi ne da makullai da ke buɗewa saboda ƙarfin turawa da juyi, to ya riga ya sha turawar, ya sha juyin, mai yiwuwa makullan duk a buɗe suke, abin da ya rage kawai ɗan motsi. Masu kwance bam ba sa ɗaukar irin wannan idan da hali, a inda yake suke tarwatsa shi. Abin mamaki, wasu masu tarawa sun fi son mai tsaga, wai shi ne ya ga yaƙi.

A nan ne iyakar ilimin ganewa take bayyana. A garin Scranton na Jihar Pennsylvania akwai masana'antar sojan Amurka da ke ƙera gangar jikin harsashi mai milimita 155, wadda Shugaba Zelensky na Yukiren ya ziyarta a watan Satumba na 2024. Abin da ke fita daga can fanko ne, sai an kai shi wata masana'anta a Jihar Iowa ake ɗura masa nakiya. Gangar da ta bar Scranton da wadda ta bar Iowa siffarsu ɗaya, ƙarfensu ɗaya, abin da ya raba su yana ciki inda ido ba ya kaiwa. Kama da wane ba ta wane. Rashin fiyus a hanci ba hujja ba ce, tunda mun ga cikakken harsashi ma da murfi yake tafiya, kuma wasu masu huda sulke fiyus ɗinsu a gindi yake ɓoye. Nauyi ba hujja ba ne, domin na koyo da gangan ake cika shi da abin da ba ya fashewa har ya kai nauyin na gaske. Fenti kuwa shi ya fi kowa rauni, saboda masu tarawa da kansu ne ke sake shi. Mutum zai sayi fanko mai tsatsa, ya kankare, ya fesa kore, ya buga TNT da rawaya don ya yi kyau a ɗaki. Wani kuma zai shafa wa abin da bai san cikinsa ba shuɗi don ya samu mai saye. Bayan hannu uku ko huɗu, rubutun da ke jikin ƙarfen labarin mai fentin ƙarshe yake bayarwa.

Masu harkar za su ce ai wannan gargaɗi na sababbin shiga ne, gwani ya san abin da yake yi. Tarihi bai goyi bayansu ba. A watan Fabrairu na 2008, a Jihar Virginia, wani sanannen mai tara kayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya shafe shekaru yana gyara irin waɗannan kaya ga wasu, ya rasa ransa a ƙofar gidansa lokacin da wani harsashin igwar jirgin ruwa da yake aiki a kansa ya tashi. Ɓarɓashin ƙarfen ya faɗa wani gida mai nisan kusan mita 400. Yaƙin da aka ƙera harsashin dominsa ya ƙare tun 1865. A 2004, a Jihar Delaware, sojojin sama uku masu aikin kwance bam suka ƙone da gubar mastad daga wani tsohon harsashi mai milimita 75 da aka tsinta cikin ɓawon kifin da aka shimfiɗa a hanyar shiga wani gida. A watan Disamba na 2022 kuma, shugaban 'yan sandan ƙasar Polan, Jarosław Szymczyk, ya ji rauni a hedikwatarsa da ke Warsaw lokacin da wani makamin harba gurneti da aka ba shi kyauta a Yukiren ya tashi, alhali ya ɗauka wanda aka riga aka harba ne. Wannan ba harsashin igwa ba ne, amma kuskuren iri ɗaya ne, an gaya masa fanko ne ya yarda. Ƙwarewa tana rage tsoro fiye da yadda take rage haɗari, kuma wanda ya buɗe ɗari lafiya shi ne zai buɗe na gaba ba tare da ya tsaya tunani ba.

Akwai kuma masu cewa abin da ya shekara hamsin ko ɗari a ƙasa ai ya mutu. Manoman arewacin Faransa da yammacin Beljiyam su ne shaida a kan wannan. A mako guda kafin ranar 1 ga Yuli 1916, sojojin Birtaniya sun harba harsasai kusan miliyan ɗaya da rabi a fagen Somme da ke Faransa, da yawa daga ciki ba su tashi ba. Har yau garma na tono irinsu duk shekara, manomi ya ajiye a bakin gona. A Beljiyam motar sojojin DOVO, sashen kwance bam na ƙasar, ke bi tana kwashewa, masu guba a kai su Poelkapelle inda ake lalata su. Faransa ta rasa ma'aikatan kwance bam fiye da 600 tun bayan 1945, kuma a watan Maris na 2014 wani harsashin Yaƙin Duniya na Farko ya kashe leburori biyu a wurin gini a garin Ypres na Beljiyam. Tsatsa waje take ci, cikin rufaffen ƙarfe kuwa nakiya na nan, wani lokaci ma tsufa na ƙara mata saurin fushi. Farin fosfaras da ake ɗura wa wasu harsasan hayaƙi iska kaɗai yake jira ya kama da wuta. Idan na 1916 bai mutu ba, ina ga na zamani wanda ƙarfensa da hatiminsa suka fi inganci?

To me zai hana a haramta harkar gaba ɗaya a huta? Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, amma ban yarda da ita ba. Na farko, ilimin yana aiki. Ƙungiyar Conflict Armament Research, wadda aka kafa a Birtaniya a 2011, aikinta shi ne zuwa fagen fama ta ɗauki hoton lambobin da ke jikin makaman da aka ƙwace, ta bi sawunsu har ƙasar da ta ƙera da wadda ta fara saye. Da wannan hanya ta fitar da rahoto a 2017 kan inda ƙungiyar IS ta samu makamanta a Iraƙi da Siriya, ta kuma yi irin wannan bincike a yankin Sahel da Najeriya. Karatun lambar rukuni da suke yi shi ne dai karatun da masu tarawa suka daɗe suna rubutawa a mujallunsu. Makarantun kwance bam su ma da samfurori marasa komai suke koyarwa, kuma sau da yawa tsohon samfurin da rundunar soja ta daɗe da zubarwa a gidan tarihi ko a hannun mai tarawa ake samunsa. Na biyu, haramci ba ya ɓatar da ƙarfen da ke gidaje, ɓoye shi yake sa a yi. Wanda ya gaji harsashi daga kakansa, idan ya san kiran hukuma zai ja masa shari'a, sai ya jefa shi a juji ko a kogi, inda yara za su same shi.

Mafita ita ce a ɗora nauyin hujja a kan harsashin, a ɗauke shi cikakke har sai an tabbatar da akasin haka, kuma mai tabbatarwa ya kasance ba mai sayarwa ba. A Birtaniya akwai takardar shaida da ƙwararre ke sa wa hannu cewa abu ba shi da abin fashewa. Ma'aikatar tsaron Amurka ba ta sakin tarkacen makamai ga jama'a sai mutum biyu masu horo, kowa da kansa, sun duba kowane yanki sun sa hannu. Gidajen tarihi masu tsari kan fi son samfurin da masana'anta ta tsaga gefensa don koyarwa, wanda kowa ke iya ganin cikinsa. Za a ce takarda ma ana ƙirƙira ta. Haka ne, shi ya sa takardar kirki ke ɗauke da lambar da aka buga a jikin wannan ƙarfen da sunan wanda za a kama idan ta zama ƙarya, abin da fenti ba ya da shi. Bisa wannan ma'auni, duk abin da aka tono daga ƙasa ko aka tsinta a filin atisaye ya fita daga sahun kayan tarawa, kuma kwashe cikin harsashi a gida ba gwaninta ba ce, ganganci ne da ya shafi maƙwabta. Ko fankon da aka tabbatar ma yana da nasa nauyi a kan jama'a. Hukumar tsaron filayen jiragen saman Amurka ta hana shiga jirgi da irinsu, a hannu ko a cikin kaya, domin jami'in da ke kallon na'ura ba shi da hanyar bambancewa sai ya kori kowa daga wurin. Haka idan mai tarawa ya rasu ba tare da takardu ba, magada da 'yan sanda ne ke shiga uku, a rufe unguwa wuni guda a kan abin da wataƙila babu komai a cikinsa.

A ƙasashenmu ba a san masu jera harsasai a falo ba, amma akwai masu tara su, sai dai don kilo suke yi ba don tarihi ba. Ɗan gwangwan da ya ga ƙarfe mai kilo 40 da ɗamarar jan ƙarfe, kuɗin abincin kwanaki ya gani, kuma guduma da kurfi ne kayan aikinsa. Ƙarfen kuwa akwai shi. Fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja a Legas ranar 27 ga Janairu 2002 ta kashe mutum fiye da 1,000, yawancinsu a magudanar ruwan da suka faɗa wajen gudu, ta kuma watsa harsasai ta ko'ina, har sai da sojoji suka sake aikin share wurin a ƙarshen 2023, bayan shekara 21. Arewacin Cadi, wajen Wadi Doum da Faya-Largeau, har yau yana ɗauke da ragowar yaƙin 1987 da Libiya. A Borno an shafe fiye da shekara goma ana harba atilare a dazuzzuka da gonakin da mutane ke komawa yanzu. Gwamnatin jihar ta haramta sana'ar tsintar ƙarafa a 2023, kodayake dalilan da aka fi ambata su ne kisan da 'yan ta'adda ke yi wa masu sana'ar da satar kayan gwamnati. Dillalan da ke riƙe da sikeli su ne ya kamata su fara ƙin awon duk wani ƙarfe mai siffar harsashi, domin abin da ba a saye ba yaro ba zai ɗauko shi ba. Wanda kuma ya ci karo da irinsa a gona ko a daji, komai launinsa, komai tsatsarsa, kada ya taɓa, kada ya jefe shi, kada ya kunna wuta kusa. Ya koma ta hanyar da ya zo, ya hana yara da dabbobi zuwa wurin, ya sanar da mai unguwa da 'yan sanda ko sojojin da ke kusa.